Daga buhun dusa zuwa tsiren Briqueterie: wa ke duba abin da dabbobinmu ke ci?

Duk wanda ya san Yaounde ya san cewa idan magariba ta yi, hayaƙin tukubar masu tsire ne ke nuna wa baƙo hanyar Briqueterie. Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai da direbobin tasi, Musulmi da Kirista, kowa na gangarowa unguwar Hausawa neman abin da mutanen gari ke kira soya. Yaji na daga cikin abin da ke jawo su, amma babban abin shi ne yarda. Sun amince cewa naman Bahaushe yankakke ne, ba mushe ba ne, kuma na ranar ne. Wannan yarda ita ce jarin unguwar, kamar yadda take jarin mahautanmu a zangon Kumasi da Nima a Accra, da Libreville, da Njamena.

Sai dai idan aka lura, duk wannan yarda a kan wuƙa aka gina ta. Muna tambayar wa ya yanka, da yadda ya yanka. Ita ma hukuma a nan ta fi sa ido. A mayankar Etoudi da kamfanin SODEPA ke gudanarwa, likitan dabbobi yana duba huhu da hanta, ya nemi alamar tarin fuka ko tsutsa, in bai gani ba ya buga hatimi. Aiki ne mai amfani, amma aikin ido ne, kuma na ranar ƙarshe ta rayuwar dabba. Kwana 45 da kazar gidan gona ta yi tana ci kafin a kawo ta kasuwar Mvog-Ada, ko wata uku da rago ya yi a turke kafin layya, babu hatimin da ke ba da labarinsu. Ragowar magani a tsoka ba ta da launi, ba ta da wari, kuma mafi yawanta wutar tukuba ba ta kawar da ita.

Yadda kazar gida ta ci nasara

Maganar ta samo asali ne daga wata nasara da Kamaru ke alfahari da ita. A tsakiyar shekarun 1990 aka buɗe ƙofa ga daskararrun kaji daga Turai. Abin da ake shigowa da shi ya tashi daga ƙasa da tan 1,000 a 1996 zuwa fiye da tan 22,000 a 2003, gonakin kaji na gida suka dinga rufewa. Ƙungiyar ACDIC ta marigayi Bernard Njonga ta ɗebi naman daga kasuwanni ta kai cibiyar Pasteur da ke Yaounde, sakamakon ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 bai cancanci shiga bakin ɗan'adam ba. Aka yi gangami a 2004, gwamnati ta fara taƙaita shigo da kajin, kafin 2006 ta ƙare ƙofar ta kusan rufewa gaba ɗaya. A wannan shekara ce kuma aka kafa IPAVIC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu sana'ar kaji.

Daga nan kiwon kaji ya bunƙasa, musamman a yankin Yamma, Bafoussam da kewayenta, da gefen Yaounde da Douala. Murar tsuntsaye ta yi masa mummunan duka a watan Mayun 2016, lokacin da ta ɓulla a gonar Mvog-Betsi cikin Yaounde, ta sake dawowa yankin Yamma a farkon 2022, amma bai durƙushe ba. To, ita kazar gidan gona ba ta tono a bola kamar ta kakanninmu. Duk abin da zai shiga cikinta a buhu yake zuwa, abin da ake kira provende. Saboda haka tare da gonakin, injinan haɗa abinci suka yawaita, daga manyan kamfanoni masu rajista irin su SPC ta Bafoussam zuwa ɗan shago mai injin niƙa ɗaya da shebur biyu a bayan kasuwa.

Ma'anar wannan ita ce alhakin ya dawo gida. A da idan kaza ta zo da matsala, sai a nuna jirgin ruwa da tashar Douala. Yanzu kazar tamu ce, masarar tamu ce, mai haɗin ma maƙwabcinmu ne.

Ɗan garin da ke cikin leda

Mafi yawan abin da ke cikin buhun provende ba baƙo ba ne ga Bahaushe: masara, dusa, garin waken suya, tunkuzar gyaɗa, ƙulin angurya, garin kifi, garin ƙashi ko ɓawon kawa, gishiri. Abin da ake taƙaddama a kansa shi ne ɗan ƙaramin kason da ake ƙarawa a kai. Akwai firimis, wato haɗin bitamin da ma'adinai. Akwai sinadaran gina jiki irin su laisin da metiyonin. Akwai maganin hana kashin jini na kaji, da garin hana fumfuna, da garin yumɓu mai kama dafi, da na ƙara wa gwaiduwar ƙwai launi. Wani lokaci kuma akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta, antibayotik, da ake zubawa don dabba ta yi saurin girma alhali lafiyarta lau. Kusan duka waɗannan daga waje ake shigo da su.

Ya kamata a faɗi gaskiya tun a nan: mafi yawansu ba guba ba ne, kuma ba don su ba da ƙwai da kaza sun fi ƙarfin talaka. Kazar da aka kulle a ɗaki ba ta samun rana, ba ta samun ganye da ƙwari, dole a ba ta bitamin a abinci. Masu cewa a watsar da duk wani “sinadari” a koma gargajiya ba su taɓa kiwon kaji dubu biyu a rumfa ɗaya ba. Matsalar tana wajen awo da haɗi da rubutu.

A ɗauki awo. Akwai firimis da ake zuba kilo 2.5 kacal a cikin tan guda na abinci. Wato a buhu mai kilo 50, giram 125 ne rabonsa, abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Domin wannan ɗan gari ya ratsa buhun daidai wa daida, sai an fara cuɗa shi da ɗan garin masara, sannan a juya shi a injin haɗi na wasu mintuna. Idan da shebur aka juya a kan siminti, wata kaza za ta ci ninkin abin da ya kamata, wata ba za ta samu komai ba. Wannan ne ya sa ƙananan makiyaya a Kamaru suka fi sayen concentré na kashi 5 ko kashi 10 cikin 100, wanda an riga an tsarma shi, ya fi sauƙin haɗawa. Dabara ce mai kyau, muddin mutum ya san abin da ke cikinsa.

A nan ne rubutu ya shigo. Buhun kilo 25 na firimis yana zuwa da takarda a jikinsa: sunan kamfani, abin da ke ciki, dabbar da aka yi dominta, ranar lalacewa, da kwanakin da za a jira kafin yanka idan akwai magani. Amma mai kaji ɗari biyu a bayan gida ba ya iya sayen buhu. Sai mai shago ya farke shi, ya ƙulla a leda kilo-kilo ko rabi-rabi. Takardar ta tafi da buhun, leda ta tafi da mai kiwo. Daga wannan lokaci, duk abin da doka ta wajabta a rubuta ya koma abin da mai shago ya tuna ya faɗa da baki. A ganina wannan farkewar buhu ita ce babbar ɓarakar da ke cikin harkar, ta fi duk wata magana ta jabu ko fasa-ƙwauri yawan faruwa, domin kullum ake yin ta, kuma ba da mugun nufi ba.

Abincin wani, ajalin wani

Mu Hausawa mun fi shiga wannan harka ta ƙofar rago da sa, ba ta kaza ba. Kafin Babbar Sallah, gidaje da dama a Briqueterie da Tsinga, balle Garwa da Marwa da Ngaundere, suna ɗaure rago ɗaya ko biyu a turke. A da harawa ce da kowa da dusa da ɗan kanwa. Yanzu, da yake ana son rago ya cika ido cikin wata biyu, ana ƙara masa duk abin da aka ji yana sa ƙiba, har da abincin da aka haɗa domin wata dabba daban. Nan ne asara ke shigowa.

Tunkiya ba ta jure sinadarin jan ƙarfe kamar sauran dabbobi. Abincin aladu, wanda ake sayarwa ko'ina a kudancin Kamaru, yana ɗauke da shi da yawa da gangan, na kaji ma yakan wuce abin da rago ke buƙata. Idan aka daɗe ana ba rago irin wannan haɗi, sinadarin yana taruwa a hantarsa shiru, ba wata alama. Ranar da ya sha wahala, misali doguwar tafiya a mota daga Arewa mai Nisa zuwa Yaounde, sai hantar ta sake shi cikin jini lokaci guda. Idon rago ya yi shawara, fitsarinsa ya yi ja, cikin kwana biyu ko uku ya faɗi. Mai shi zai ce sammu ne ko zafin hanya.

Haka takin yuriya. Gaskiya ne cewa tumbin sa da rago na iya sarrafa yuriya ya mayar da ita abin gina jiki, kuma masana na ba da shawarar amfani da ita da rani. Amma ƙa'idarta ba ta wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na abincin ba, a fara da kaɗan-kaɗan na tsawon makonni, a haɗa da abinci mai ƙarfi, kuma kada a jiƙa ta a ruwan sha. Wanda ya ɗebo da gwangwani ya watsa wa rago mai jin yunwa, kafin awa ɗaya zai ga yana rawar jiki yana kumfa. Ƙulin angurya kuwa, irin wanda SODECOTON ke sayarwa daga masana'antunta na mai a Garwa da Marwa, abinci ne mai kyau ga manyan shanu da tumaki, amma angurya na da wani sinadari mai suna gosifol da ke cutar da kaji da ƙananan maruƙa idan ya yi yawa.

Masu dawaki su ma su ji. Monensin da salinomaisin, magungunan kashin jini da ake sa wa a abincin kajin nama, kaza na cin su lafiya lau, amma ɗan kaɗan daga cikinsu na iya lalata zuciyar doki ya kashe shi. A garuruwan da ake hawan Sallah, inda dokin lamiɗo ko na hakimi ya fi motar wani daraja, ya isa a ce dusar doki ba ta fito daga injin da aka gama haɗa abincin kaji ba a share shi ba. Wannan ragowar da ke maƙalewa a inji ita ce kuma ke kai maganin kajin nama cikin abincin kaji masu ƙwai, daga nan ya bayyana a ƙwan da mai shayi zai soya da safe.

Dafin da ba wanda ya zuba

Akwai wani abu kuma da ba ƙara shi ake yi ba, da kansa yake zuwa. Masara ko gyaɗar da aka adana da danshi tana yin fumfuna, wata irin fumfunar kuma tana fitar da dafin da ake kira aflatoksin. Ta hanyar abincin dabbobi duniya ta fara saninsa: a 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar da tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Brazil. A 2004 ya kashe mutum 125 a gabashin Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankarar hanta, kuma haɗarinsa yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi katutu a yankinmu.

Masu bincike na jami'ar Dschang sun auna wannan a Kamaru, suka wallafa a 2013. Duk samfurin tunkuzar gyaɗar da suka gwada sun sami dafin a ciki, haka kuma a fiye da kashi 80 cikin 100 na haɗaɗɗen abincin kaji. A Tarayyar Turai iyakar da aka yarda da ita a kayan haɗa abincin dabbobi ita ce kashi 20 cikin biliyan, wasu samfuran tunkuzar kuwa sun ninka wannan sau da yawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Al'adarmu ce idan an tsince hatsi, mai kyau na mutane, ruɓaɓɓe na dabbobi. Dafin yana hana kaza girma, yana raunana rigakafin da aka yi mata, sai ta dinga ciwo, sai mai ita ya ƙara antibayotik. A saniya kuwa wani kasonsa yana fitowa a nono, tafasawa ba ta kashe shi.

Garin yumɓun da ake sayarwa don kama dafin yana taimakawa, amma ba ya mayar da ruɓaɓɓiyar masara lafiyayya, kuma wasu na fakewa da shi su sayi mafi arhar hatsi a kasuwa. Maganin na asali a gona da rumbu yake: busarwa sosai, ɗaga buhu daga ƙasa, da irin Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, wanda ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure. A gefe guda, masu tsire su tuna cewa gyaɗar da ake yin tunkuzar dabbobi da ita, ita ce dai ake yin ƙuliƙulin da ake dakawa a yaji. Wanda ya sayi ƙuli don arharsa bai san daga wace gyaɗa ya fito ba.

Antibayotik da kwanakin jira

Mafi girman haɗarin ba ya nuna kansa a ranar da aka ci nama. Wani bincike da aka yi a gonakin kaji 98 a kewayen Yaounde a 2015 ya tarar kusan babu gonar da ba ta amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta, mafi yawa kuma ba don warkarwa kaɗai ba, har da rigakafi. Da yawansu ba sa kiyaye abin da Faransanci ke kira délai d'attente, wato kwanakin da ya kamata a dakata tsakanin ranar ƙarshe ta magani da ranar yanka ko sayar da ƙwai. Mai kaji masu ƙwai ya san abin da wannan ke nufi: ya zubar da ƙwan mako guda. A lokacin da kuɗin masara da waken suya suka yi tashin gwauron zabi, kamar yadda aka gani daga 2022, wa zai zubar?

Illar ita ce ƙwayoyin cuta na sabawa da maganin. Dangin sifurofuloksasin da ake zuba wa kaji, su ne dai ake rubuta wa ɗanka idan taifot ko ciwon fitsari ya kama shi. Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka kudu da Sahara ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ba duka laifin kiwo ba ne, shan magani barkatai da mu kanmu muke yi yana da babban kaso. Amma labarin kolistin ya isa misali. Magani ne da likitoci ke ajiyewa sai komai ya gagara. A 2015 aka gano a China cewa ƙwayoyin cuta a jikin aladu sun sami hanyar bijire masa, kuma suna iya miƙa wa junansu wannan hanya. A 2017 China ta hana zuba shi a abincin dabbobi don ƙiba. Sweden ta hana irin wannan amfani da antibayotik tun 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu daga 1 ga Janairun 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haka ga kowa a 2017, sannan a watan Satumban 2024 ƙasashe suka yi alkawari a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, duk kayan da manyan kasuwanni suka daina saya, masana'antar da ke yin sa ba rufewa take yi ba, sabon mai saye take nema.

Wani abin sha'awa shi ne wannan magana ta jira kafin yanka ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. A littattafan fiƙihu akwai babin jallala, dabbar da ta saba cin ƙazanta. An ruwaito hani game da namanta da nononta a littattafan Abu Dawuda da Tirmizi, an kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan tsare irin wannan kaza kwana uku kafin ya ci. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin, mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi ta sassauta, kuma ba fatawa nake bayarwa ba. Abin lura kawai shi ne magabata sun ɗauka cewa abin da dabba ta ci yana da ruwa da tsaki a cikin namanta, kuma lokaci na iya tsarkake shi. Makiyayin da ba zai saurari jami'in ma'aikata ba, wataƙila zai saurari limamin da ya yi masa bayanin kwanakin jira ta wannan fuska a huɗubar makon layya.

Maroko ta ɗanɗana abin da ke biyo baya idan aka yi sake. A layyar 2016 da ta 2017 mutane da yawa suka yi kukan cewa namansu ya koma kore ya ruɓe cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga cikin abubuwan da aka zarga har da ciyar da raguna kashin kaji. Daga 2018 hukumar ONSSA ta fara yi wa wuraren turke rajista, tana maƙala wa kowane ragon layya lamba a kunne, tana kuma bin diddigin motocin da ke ɗaukar kashin kaji.

Doka ɗaya ba ta ƙetare iyaka

A takarda Kamaru ba ta rasa doka ba. Akwai dokoki biyu na 19 ga Disamban 2000, mai lamba 2000/017 kan binciken lafiyar dabbobi da kayan da ake samu daga gare su, da mai lamba 2000/018 kan sayar da magungunan dabbobi. Akwai babbar dokar lafiyar abinci ta 11 ga Disamban 2018. Akwai ma'aikatar kiwo, MINEPIA, da aka naɗa Dokta Taïga ya jagorance ta a 2011, da hukumar ingancin kaya ANOR da aka kafa a 2009, da ɗakin gwaje-gwaje na LANAVET a Boklé kusa da Garwa. Najeriya na da NAFDAC mai rajistar magunguna da kayan haɗi, da cibiyar NIAS da dokar 2007 ta ba ikon sa ido kan masu haɗa abincin dabbobi, a 2024 kuma ta kafa ma'aikatar kiwo mai zaman kanta. Nijar tana cikin tsarin UEMOA, wanda tun 2006 ya tanadi izini guda na maganin dabbobi ga ƙasashe takwas. A Afirka ta Tsakiya akwai CEBEVIRHA mai hedikwata a Njamena.

Matsalar ita ce waɗannan dokoki an ɗinka su ne daidai jikin babban kamfani, mai adireshi da rajista da ma'ajiyar da za a iya kai wa ziyara. Shi ma babban kamfanin yana da dalilin kiyayewa, domin sunansa na jikin buhu. Ɗan shagon da ke haɗa buhu goma a rana, da mai kiwon da ke haɗa nasa a tsakar gida, da mai tallan magani a kan babur ranar kasuwar shanu, su ne ke ciyar da kaso mai yawa na dabbobin da muke ci, kuma ba su cikin kowane kundi.

Sannan ga iyaka. Kwalbar magani ko ledar gari da aka saya a Kano ko Mubi tana iya kwana a Guider, ta bi ta Banki da Amchidé ko Gamboru da Fotokol, ta iso Yaounde a cikin kayan ɗan kasuwar da ya kawo atamfa da turare. Lambar NAFDAC da ke jikinta ba izinin Kamaru ba ce. Rubutun jikinta da Ingilishi yake, mai sayen ɗan Faransancin kasuwa yake ji, karatunsa kuma na allo ne. Wanda aka saya a Douala ya nufi Yola haka zai je da Faransancinsa. Su wa ke ɗauke da wannan kaya tsakanin ƙasashen? Sau da yawa mu ne. Zumuncin da ya sa Bahaushe zai iya aika saƙo daga Maraɗi zuwa Bangui ba tare da takarda ba, shi ne kuma ke wucewa da kayan da babu hukumar da ta gani. Ba zargi ba ne, bayanin matsayinmu ne, kuma matsayin yana da fuska biyu. Tsirarun da suka riƙe sana'ar nama a ƙasar da ba su da rinjaye, su ne farkon waɗanda za a nuna da yatsa ranar da wani abu ya faru. Idan aka wayi gari jarida ta buga cewa an sami ragowar magani a soya, ba wanda zai je neman injin da ya haɗa dusar a wani gari. Briqueterie za a ce.

Don haka nake ganin jiran gwamnati kaɗai kuskure ne, duk da cewa akwai abin da ita kaɗai za ta iya: ta wajabta wa masu shigo da kaya su ƙulla ƙananan ƙunshi na kilo ɗaya da rabin kilo masu cikakken rubutu, ta hana zuba antibayotik don ƙiba a fili ba tare da kwana-kwana ba, ta riƙa ɗibar samfur a kasuwa tana bayyana sakamakon ga jama'a kamar yadda ACDIC ta yi shekaru ashirin da suka wuce. Amma sana'ar fawa tana da nata tsarin da ya girmi waɗannan hukumomi duka. Akwai sarkin fawa, akwai dillalin da ke tsaya wa baƙo, akwai al'adar mayar da dabba idan an gano aibin da aka ɓoye. Dillalin da ke buɗe bakin rago ya ƙirga haƙora zai iya ƙara tambaya biyu: me yake ci, kuma yaushe aka yi masa allurar ƙarshe? Mai gasa kaji da ke ɗaukar hamsin kullum daga gona ɗaya yana da ƙarfin da zai ce a nuna masa buhun kwanakin ƙarshe, domin akwai abincin gamawa da ake haɗawa ba magani a ciki.

Kayan awon ma sun sauko. Akwai 'yar takardar gwajin aflatoksin, mai kama da ta gwajin zazzaɓin cizon sauro, da ke ba da amsa cikin mintuna, akwai kuma irinta ta gano ragowar antibayotik a nono. Sun fi ƙarfin mai kaji ɗari biyu, amma ba su fi ƙarfin ƙungiyar mahauta ko ta masu sayar da provende a kasuwa guda ba, in sun haɗa kuɗi kamar yadda suke haɗawa a adashe. Masara mota guda da aka gwada aka mayar a bakin Mvog-Ada, kafin sati ya zagayo labarinta ya kai ga wanda ya loda ta.